Garejin sauya bak-aksul a Birnin Kebbi: awonsu na farfela ya yi, saura balansi

Masu Hilux da ke jigilar albasa daga Aliero ko shanshera daga Argungu sun san bak-aksul (ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya) ne ke fara gajiya. Da zarar dif, wato giyar tsakiyar aksul da ke raba juyi ga tayoyin, ya soma kuka, yawanci ba a tsayawa gyara, sai a sayo na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano a ɗora. Ɗorawar ba wuya. Rigimar tana wajen farfela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa dif, don ba lallai hancin sabon dif ya zo tsawo ɗaya da na tsohon ba. Akwai wani gareji ta hanyar Jega da ya riƙe wannan aiki da kyau.

Abin da ya fi burgewa shi ne ba sa awo mota na kan jak. Sai sun sauke ta a kan tayoyinta, sifirin ya zauna, sannan su auna daga filanjin giyabos (faifan da ake ɗaure farfela a jikinsa) zuwa na dif. A wurin da farfela ke zamewa ciki da waje suna barin sarari na santimita 2 zuwa 2.5. Wannan ɗan sararin shi ne komai. In farfela ta yi tsawo, duk ramin da aka faɗa da lodi sai ta tokare, ta ci senta boris da ke riƙe tsakiyarta, wani lokaci har ta fasa bayan giyabos. In kuma ta gajarta, haƙoran ciki kaɗan ne ke kamawa, sai su cinye, ranar tsautsayi ta zare a kan hanya.

Filanjin Toyota ba iri ɗaya ba ne: akwai mai tazarar ramuka milimita 60 da 60, akwai mai 66 da 66. Wasu bakanikai wuta suke sa wa ramin su buɗa shi, farfela ta zauna a karkace. A nan sauya filanjin suke yi, kuma kafin su kwance babban notin da ke riƙe shi a hancin dif sai sun yi masa alama, saboda in aka ɗaure shi fiye da kima boris ɗin ciki zai yi zafi ya ƙone. Suna kuma lura kunnuwan kuros (mahaɗin farfela mai siffar gicciye) na gaba da na baya su kalli layi ɗaya. In hancin dif ya ɗaga ko ya sunkuya, sukan sa siririn ƙarfe tsakanin sifirin da aksul har kwanar kuros biyun ta zo kusan daidai, kada ta wuce digiri 3.

Inda suka gaza shi ne balansi. Idan aka yanke farfela aka yi walda, agogon awo kawai suke ɗora mata, su tabbatar lanƙwasar ba ta wuce milimita 0.8 ba. Hakan ya ishi motar ƙauye da ba ta gudu. Amma mai bin titin Yauri da gudun kilomita 100 zai iya jin karkarwa a ƙarƙashin kujera, don miƙewa daban, daidaiton nauyi daban.

Na biyu, ba sa tambayar lissafin haƙoran dif sai ka yi magana, kuma wannan sakaci ne. Haƙora 41 a babbar giya da 10 a ƙarama, in aka raba, suna ba da 4.10, 43 da 10 kuwa 4.30. A mota mai fo-wil (mai ja da tayoyi huɗu), in na baya ya saɓa da na gaba, ana sa fo-wil a ƙasa mai tauri tayoyi za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye. Ka sa a ƙirga a gabanka kafin a ɗora.

Bututun birki da wayar hambirki suna haɗa su tsaf, man dif kuma 80W-90 suke zubawa. Kuɗinsu ya ɗara na bakin titi, kuma motar takan kwana. Bayan tafiyar farko da lodi, ka koma a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin da na filanji, don ba za su tuna maka ba.