Gyaran Facit C1-13 a Yamai: wanki ne ya tashe shi

Injin lissafi mai hannu ne, Facit C1-13 ƙirar Suwidin, irin wanda aka yi aiki da shi a ofisoshi da kantuna kafin zuwan kalkuleta. Wani dattijo mai gyaran keken rubutu da keken ɗinki a gefen kasuwar Katako ya karɓi aikin. Kwana 12 ya yi a hannunsa, kuɗin aiki jika 15, kuma wata biyu ke nan ana juya shi kullum bai cije ba.

Ciwonsa uku ne lokacin da aka kai shi. Hannun yana tsayawa a rabin juyi, madannan 4 da 7 in an danna ba sa dawowa, sannan in aka ƙara 1 a kan 99 sai taga ta nuna sifiri maimakon 100.

Sai an san cikin injin za a gane darajar abin da dattijon ya yi. Tsarin Odhner ne, sunan injiniyan da ya ƙirƙiro shi: ganga mai faifai jere, kowane faifai da haƙoran da ke fitowa daidai da lambar da aka danna. Ka danna 6, haƙora shida su leƙo, juyi ɗaya na hannu ya tura ƙafar sakamako taki shida. Juyi gaba tarawa, juyi baya ɗebewa. Yana karɓar lamba mai gida 9, tagar ƙirga juyi gida 8, tagar sakamako gida 13. Abin da ya bambanta Facit da su Brunsviga, injin lissafi mai hannu ƙirar Jamus, shi ne madannai goma a layi biyu, 2 4 5 7 9 a sama, 1 3 0 6 8 a ƙasa, kuma gangar ce ke matsawa hagu da kowace lamba. To, duk waɗannan sassa a kan tsohon giris suke tafiya. In ya shekara hamsin yana shan zafin Yamai da ƙurar hunturu, sai ya daskare kamar ƙaro.

Abin da ya fara burge ni, bai tilasta hannun ba ko sau ɗaya. Injin yana da makullai a ciki: in ɗaya daga cikin mariƙai uku na share lamba bai koma mazauninsa ba, hannu ba zai juya ba, in hannu bai zauna daidai ba madannai ba za su shiga ba. Masu sa ƙarfi a nan suke karya haƙori ko lanƙwasa ƙarfe, alhali kamfanin ya durƙushe tun farkon shekarun 1970 da kalkuletocin Japan suka cika kasuwa. Abin da ya karye sai dai a ciro daga gawar wani injin.

Ya cire murafe, ya ɗauki hoton kowane gefe da waya, ya jera sukurori a murafen gwangwani daban-daban. Ya ajiye injin a rana kamar awa ɗaya don giris ya yi laushi, ya rufe madannan da tsumma. Daga nan sai kananzir a sirinji, ɗigo-ɗigo a tsakanin faifai, da tsohon buroshin haƙori, yana motsa kowane haƙori da tsinke har ya riƙa fita da komawa da kansa. Na ga tsumman da ya shimfiɗa a ƙasa: ruwan farko baƙi ƙirin da yashi a ciki, na kwana na huɗu ya fara fitowa garau. Kusan rabin lita ya tafi. Bai tsoma injin dungurungum a kananzir ba, kuma ya yi daidai, don dattin da ya narke yakan gangara ya kwanta a lungun da buroshi ba ya kai.

Matsalar 99 daga ƴan ƙarafan da ke kai ɗaya zuwa gida na gaba take. Duk ƙafar da ta wuce 9 tana ture nata, shi kuma ya sa a ƙara ɗaya a gidan hagu. Biyu sun manne da datti, na uku sifirin ɗinsa, wato ƴar naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, ya tsinke saboda tsatsa. Ya samo mai kauri ɗaya daga tsohon keken rubutu, ya rage tsawonsa. Madannan 4 da 7 wanki kawai suka so.

Mai kuwa kaɗan ya sa: man keken ɗinki a bakin allura, a kan sanduna da wuraren juyawa, giris ɗan mitsitsi a manyan giyoyin hannu. Haƙoran faifai ya bar su kusan a bushe. A garin da ƙura ke shiga ko ta ramin makulli, mai da yawa tarkon yashi ne. Man feshi irin WD-40 ma ya ƙi shi, don yana sakin ƙarfe yau, bayan watanni ya bar danƙo.

A gabana ya gwada. Ya ɗebe 1 daga sifiri, tara goma sha uku suka jeru, ƙararrawa ta buga. Ya juya gaba, duk suka koma sifiri. Wannan gwajin shi ke taɓa kowane gida. Sai 12345679 sau 9, ya ba da 111111111. Sai 355 raba 113, tagar ƙirga ta nuna 3,1415929. Duk wanda ya karɓi injinsa daga gyara ya yi ukun nan kafin ya biya.

Inda aikin ya gaza, guri biyu ne. Ya goge ƙafafun lambobi da tsumma mai kananzir, farin fentin lambobi biyu a gida na biyar ya dusashe. Ruwan sabulu kaɗan a auduga ya isa wurin. Sannan ƙafafun roba na ƙasa sun bushe sun tsage, bai sauya su ba, injin yana zamewa a kan tebur in ana juya hannu da sauri. Gutsuren tsohuwar taya huɗu, kauri ɗaya, da aka yanka aka huda wa sukuru sun tsayar da shi. Rigar yadi mai kauri da tela ya ɗinka masa ita ke kansa duk lokacin da ba a aiki, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.