Daga Sheffield: gudun dutse da tsadar ɗumi

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaida Hajiya da kyau, da su Anti da yara. Ka tambaye ni ko har yanzu ina gudun nan na kan duwatsu tunda sanyi ya kama. Ina yi, kuma ba ni da niyyar bari, sai dai yanzu kowace fita sai da shiri.

Duhu ne ke riga sanyi isowa. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan wuni ya dinga ƙanƙancewa, har a Disamba rana ta faɗi kafin ƙarfe 4, ba kuma za ta fito ba sai bayan 8 na safe. Azahar, La'asar da Magariba duk a wurin aiki suke samuna, kusan a jere. Saboda haka gudun tsakiyar mako da tocilan ɗaure a goshi muke yin sa, mu da 'yan ƙungiya, don ba na shiga daji ni kaɗai da dare.

Duwatsun suna bayan gari, a yankin Peak District. Ranar Asabar jirgin ƙasa mai zuwa Manchester kan sauke ni a ƙauyen Edale cikin kamar rabin awa, daga nan in hau Kinder Scout. Tsayinsa mita 636 ne kacal, ko rabin duwatsun Shere na Jos bai kai ba. Amma kada tsayin ya ruɗe ka. Sanyin hunturunmu busasshe ne, ya fasa maka leɓe da kaushi, hantsi na yi ya sake ka. Wannan jiƙaƙƙe ne, ga iska, ga baƙar laka da ƙafa ke nutsewa har gwiwa, ga hazo da kan sauko ya rufe hanya cikin 'yan mintoci. Wanda ya gurɗe ƙafa a can sama da jiƙaƙƙun kaya, ransa na cikin haɗari tun kafin dare.

Shi ya sa ba a wasa da kaya. Hukumar masu wannan gudu ta Ingila ta wajabta wa mai shiga doguwar gasa ya ɗauki riga da wandon ruwa, hula, safar hannu, taswira, kamfas, usur da ɗan abinci, kuma masu shirya gasa kan duba jaka su kori wanda bai cika ba. Takalmin ma nasa daban ne, mai manyan haƙora a ƙasa don kama laka, kuma sabo yakan haura fam 100. Yana da kyau, ba ƙarya, amma laka da duwatsu na cinye shi da wuri. In ya yage babu shumeka a bakin titi da zai ɗinke maka kana tsaye. Ko ka aika da shi ta gidan waya ka jira, ko ka sayi wani. Wannan yana ba ni takaici, ganin yadda ake zubar da abin da mutumin Ƙofar Wambai zai raya da allura da zare. Rigunan ɗumi kuwa a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji nake saye, masu tsabta ne, farashinsu a rubuce, babu ciniki.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ba a biya. Yawancin filayen nan na masu kiwon tumaki ne da masu ƙasa, amma doka ta ba kowa damar bin hanyoyin ƙafa, an sa ƙofofi da alamu. Ba cikin sauƙi jama'a suka samu wannan damar ba. A 1932 ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka hau Kinder Scout da gangan ba izini, aka ɗaure wasunsu, sai a 1951 yankin ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, wato yankin da doka ke karewa don amfanin kowa. Hukumar hasashen yanayi tana fitar da bayani na musamman don duwatsu, ƙarfin iska da sanyin ƙoli, kuma sau da yawa yadda ta faɗa haka ake gani. In mutum ya ji rauni, 999 zai kira, ya nemi 'yan sanda, ya ce masu ceto na kan dutse yake so. Masu zuwa ɗin 'yan sa kai ne, da ayyukansu na yau da kullum, su bar gidajensu cikin ruwa da dare su ɗauko baƙon da ba su taɓa gani ba, ba sa karɓar ko kwabo. Da gudummawar jama'a suke sayen kayan aiki. Wallahi Yaya, duk sanda na ga motarsu sai na tuna hanyar Kano zuwa Kaduna, da yadda mai haɗari ke kwance yana jiran wanda Allah zai kawo.

A gida kuwa ɗumi saye ake yi. Ba a ɗauke wuta, gas ma bai yankewa, amma takardar kuɗin watan sanyi tana sa mutum ya riƙa lissafin awa nawa zai kunna na'urar ɗumama ɗaki. Wanki ba ya bushewa a waje, sai a shanya a ciki, danshi ya kama bango. Da na'urar ta lalace kwanaki, sai da na yi ta kwana da rigar sanyi kafin mai gyara ya samu lokaci, kuma kuɗin zuwansa daban, na aiki daban. Ganin likita kyauta ne, sai dai layin masu gashin ƙashi yana da tsawo, ciwon gwiwa na iya warkewa da kansa kafin a kira ka. Hukumar lafiya ta shawarci kowa ya sha ƙwayar bitamin D daga Oktoba zuwa Maris saboda ƙarancin rana, mu masu baƙar fata kuma duk shekara. Ina sha.

Naman halal bai wahala a nan, garin masara da shinkafar tuwo ma akwai a shagunan 'yan Afirka. Kuka da daddawa ne ba na samun masu kyau, kuma bayan awanni cikin laka ba abin da jikina ke nema kamar tuwo da miyar kuka mai zafi. In an samu mai tahowa, a haɗo min da su da yaji. Kada dai a sa kilishi, an hana shigo da nama daga Najeriya, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.

Ƙaninka.