Tirawut na daji: Aberdare, Rhodes ko Semonkong, ina za ka kai kuɗinka?

Wanda ya tashi yana kallon su irin na Argungu, a faɗa ruwa da homa da gora a fito da giwan ruwa, dariya zai yi in ya ji mutum ya biya jirgi da masauki don kifin da bai kai kamu ɗaya ba, ya kama kuma ya mayar da shi ruwa. Ni ma na yi dariyar kafin in gwada. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, da ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, shi ya sa a Afirka sai a kan tsaunuka ake samunsa. A irin wannan kamun ba a sa masa tana. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaure wa ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta ta sauka kan ruwa a hankali. Baƙo ba ya iya wannan sai da ɗan jagora, kuma a nan ake cin kuɗin mutane.

Sulobeniya da kogin Soča mu ajiye su gefe: bizar Shengen da tsadar lasisin yini sun isa su kashe maka sha'awa. Dullstroom a Afirka ta Kudu yawanci madatsun ruwa ne da ake zuba wa kifin kiwo, ba abin da muke nema ba ne. Rhodes, a lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudun, ta cancanci yabo, don tun 1991 manoman yankin suka kafa ƙungiyar Wild Trout Association, ka sayi izinin yini a ware maka yankin rafi a gonar wani. Amma ga nisa, ga hanyar burji, ga wahalar biza da mai fasfon Najeriya ya sani. Semonkong a Lesoto na da gangaren ruwan Maletsunyane mai mita 192, sai dai ita ma ta Johannesbag za ka bi.

Ni dai tsaunukan Aberdare na Kenya na zaɓa, ba na ɓoyewa. A 1905 aka kawo tirawut ƙasar, wani Bature mai suna Ewart Grogan ya sa aka zuba a kogin Gura, kuma ƙungiyar Kenya Fly Fishers' Club tun 1919 take. Kifin da ke saman tsaunin yanzu a cikin ruwan aka ƙyanƙyashe shi, kaka da kakanni. Daga Nairobi ka nufi Nyeri, kimanin kilomita 150, sannan mota mai jan ƙafa huɗu ta hau da kai ta cikin dajin gora har filin ciyawa a wajen mita 3,000. Can rafukan Gura, Chania da Karuru suke, wasu wuraren tsalle ɗaya ya isa ka ƙetare. Ruwan garai-garai ne, kifin na ganinka kafin ka gan shi, don haka da rarrafe ake matsawa bakin gaɓa. Jagorana ya taɓa riƙe min kafaɗa, ya nuna wata inuwa a gindin dutse da ni na ɗauka icce ne. Wurgi na uku ya taso ya cafke, mai ruwan ƙasa da jajayen ɗigo a gefe. Ga kashin giwa sabo a bayanmu yana tururi, ga ma'aikacin gandun daji riƙe da bindiga yana duban ɓauna. Lokacin zuwa kuwa, Janairu da Fabrairu sun fi, sai kuma Yuli zuwa Satumba. Ruwan saman Maris zuwa Mayu laka yake mayar da hanya. Gajeriyar sanda mara nauyi, lamba 3 ko 4, ta wadatar, kuma kada ka sayo ƙwarin gashi daga gida, Kenya ce ke ɗaura wa duniya su.

To, ga inda na ƙone. Zuwana na farko wani na samu a Instagram, hotuna kamar ka lasa, ya ce "kifin daji zalla". Na tura rabin kuɗi lambar wayarsa. Ya kai ni wani rafi a ƙasan tsauni, cikin awa biyu na kama tara, ina ta murna. Da na zaga yin alwala sai ga kwandunan siminti na gonar kifi a bayan shinge, yaro na watsa musu abinci. Ashe da asuba aka kwaso su aka zuba. Tun daga nan wutsiya nake fara dubawa. Kifin kiwo wutsiyarsa a cinye take, fukafukansa sun guntule saboda gugar siminti, launinsa a koɗe, ga tumbi, kuma ko me ka jefa zai haɗiya. Na daji siriri ne, gefen wutsiyarsa kamar an yanka da reza. Duk jagoran da ya yi maka alkawarin adadi, wai sai ka kama goma, gona zai kai ka.

Kafin ka ba da ko sisi, ya faɗa maka sunan rafin da ƙofar gandun da za ku shiga. In ya fara kame-kame, rabu da shi. In an ce "komai a ciki", a rubuta maka mene ne komai ɗin, domin kuɗin shiga gandu, lasisin kamun kifi, na mota da na mai bindiga kowanne daban ne, kuma a bakin ƙofa ake tsare mutum da su lokacin da ba halin juyawa. Na gandun ka biya da kanka ta eCitizen, shafin intanet na gwamnatin Kenya, rasit a hannunka. Hoton da ya turo ma ka bincika a intanet, nawa mutumin daga baya na ga kifinsa a hannun wani Bature a Niyuzilan. Ƙwarin arha da ake tallata maka a bakin otal kuwa, matsa ƙugiyar da farce. In ta miƙe a hannunka, a bakin kifi ma miƙewa za ta yi. Ka kuma tambayi mutum nawa zai haɗa ku a yini. Rafin Aberdare ba ya ɗaukar fiye da biyu, na uku sai dai ya zauna kan dutse yana kaɗa haƙora don sanyi, alhali kuɗinsa cif ya biya.