Wasiƙa daga Landan: yaushe ake cire majinyaci daga injin numfashi?

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kina lafiya, da Inna da yara. Kin ce in ba ki labarin yadda ɗakin masu jinya mai tsanani yake a nan, tunda aikinmu ɗaya.

Kayan aiki dai sai hamdala. Oksijin ta bango yake fitowa, babu mirgino tukunya, babu fargabar ɗauke wuta. Duk majinyacin da ke kan injin numfashi nas guda ake ware masa, ita da shi har ta tashi aiki. Kuma a asibitocin NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin Birtaniya wadda aka kafa a 1948, ba a kiran dangi a miƙa musu lissafi. Wannan ne ya fi taɓa mini zuciya, Yaya. Mun sha ganin iyali a gida sun sayar da gona, kuɗi ya ƙare, magana ta koma kan aljihu alhali huhun bai warke ba.

Abin da na fi so ki ji shi ne yadda suke gane lokacin cire bututun da ke haɗa majinyaci da injin numfashi. Kullum da safe, idan jikinsa ya ba da hali, sai a tsayar da maganin barci. Ya buɗe ido? Ya matse hannu da aka ce ya matse? Yana tari da ƙarfin da zai fitar da kaki? Idan zazzaɓi ya sauka, jini ya daidaita, buƙatar oksijin ta ragu, sai a sassauta taimakon injin a bar shi ya ja numfashi da kansa, minti 30 zuwa awa 2, nas na tsaye a kansa.

Akwai lissafin da wasu likitoci biyu, Yang da Tobin, suka fitar a 1991. A ƙirga numfashinsa a minti guda, a raba da yawan iskar da yake ja sau ɗaya, a ma'aunin lita. Mai numfashi 20 da lita 0.4 ya samu 50, alama mai kyau. Mai haki 30 da lita 0.25 ya kai 120, ya haura 105 da ita ce iyakar, gara a dakata. Amma likitocin nan ba sa yanke hukunci da lamba kaɗai. Gumi, tashin bugun zuciya, ciki na shiga yana fita ba daidai ba, duk ana dubawa. Duk da haka wasu sai an mayar musu da bututun. Jinkiri ma hatsari ne: ciwon huhu na kama mai daɗewa a inji, tsokar numfashi kuma ta yi sanyi.

Asibitocin nan ma suna kuka da ƙarancin gadaje da ma'aikata, sanyin hunturu na shigowa ɗaki ya cika.

Wannan gwajin safe ba ya cin ko kwabo, Yaya, agogo ne da takarda da wanda zai tsaya. Don Allah ki kai wa likitanku maganar, ki faɗa mini abin da ya ce. Zan turo miki irin takardar da muke cikewa ta WhatsApp.

Ƙanwarki.