Jirgin roba na masu koyo: robar ta yi, amma tamburan sun ba ni kunya

Wanda ya rubuta a jikin kwalin nan wai na masu koyo ne kuma komai da komai yana ciki, ban ce Allah ya isa ba, amma dai da sauran magana tsakanina da shi. Ɗan ƙaramin samfurin jirgin saman yaƙi na Ingila ne mai suna Hurricane, na roba, irin wanda kai za ka haɗa da hannunka ka shafa masa fenti, na saye shi wajen wani mai kawo kayan wasan yara a Instagram saboda ɗan ƙanwata mai shekara 12 da ya ishe mu da zanen jirage a bayan kowane littafinsa na makaranta. Ba na manyan kamfanonin nan ba ne irin su Airfix na Ingila ko Tamiya na Japan, waɗannan kun san yadda kuɗinsu yake yanzu in an haɗa da kuɗin kawowa, wannan wani ne mai ɗan sauƙi-sauƙi, kuma ba zan kama sunansa ba, haka shi ma mai sayarwar.

Ma'auninsa 1/72 ne, wato kowane santimita 72 na jirgin gaske ya koma santimita ɗaya. Hurricane na gaske faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 12, saboda haka wannan in an gama shi wajen santimita 17 ne, tafin hannu ya ɗauke shi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ga hoton kwali ya zaci wani ƙaton abu zai zo masa.

Maganar gaskiya robar ta burge ni, ban zata ba. Da abin yanke farce muka dinga cire guntayen daga firam ɗinsu, mu goge bakin da 'yar samfefa mai laushi, ɓari biyu na gangar jikin suka haɗu cif ba wani gibi, fuffuken ƙasa ma ya zauna daram tun kafin a sa gam. Har layukan nan na bayan jirgin sun fito, saboda Hurricane daga bayan matuƙi zuwa jela ƙyalle ne aka lulluɓe shi da shi, ba ƙarfe ba, yaron ya ƙi yarda sai da na nuna masa hoton na gaske a waya. Gam ɗin irin wanda yake narkar da robar ne ta haɗe da 'yar'uwarta, ba sufa gulu ba, kuma da tsinken sakace muke ɗibarsa domin bakin tub ɗin ya yi faɗi, in ka matsa kai tsaye sai ya malale maka. Yaron nan da ba ya iya zaman minti biyar a wuri ɗaya ya zauna tun bayan la'asar har aka kira magariba yana fama da farfela da tayoyi, uwarsa har leƙowa take yi ta ga ko lafiya.

Kuma da gangan na zaɓi Hurricane ban ɗauki Spitfire, wani jirgin yaƙin na Ingila da kowa ke rububi, ba. Spitfire ya fi kyan gani, ba musu, amma Hurricane ya taka ƙasarmu. Lokacin yaƙin duniya na biyu, tun daga Satumba 1940, Turawan Ingila a akwatuna suke kawo waɗannan jirage ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, a can a harhaɗa su, sannan a tuƙo su ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa ta Chadi da Sudan har Khartoum, daga nan su nufi Masar fagen fama, domin hanyar tekun Bahar Rum ta zama haɗari. Da na gaya wa yaron cewa su ma na gasken a kwali suka zo aka haɗa su kamar yadda muke yi, sai ya ce Kawu ashe mu ma injiniyoyi ne. A lokacin da an tambaye ni da tauraro biyar zan ba su ba tare da wani dogon tunani ba.

Sai muka zo kan fenti. Gwangwani huɗu ne ƙanana, biyu sun bushe ƙamas, kore da ruwan ƙasa, wato dai ainihin launukan da ake buƙata a saman jirgin. Irin fentin nan ne da ake sirkawa da ruwa, amma in ya riga ya daskare ba ruwan da zai dawo da shi, na jiƙa na dama na kwana ina fata, a banza. Sai da na je wajen masu sayar da kayan zane na sayo wani na haɗa launin da ido. Burushin ma gashinsa yana zubewa yana manne a fuffuke. Duk wannan na haɗiye, na ce araha ba ta ado, ai ni na je neman sauƙi.

Abin da ya ƙona mini rai tamburan ne. Ga wanda bai sani ba, ba irin sitikar da ake ɓarewa a liƙa ba ce, yankowa ake yi a tsoma a ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙu, sai hoton ya saki takardar ka zame shi a hankali zuwa jikin jirgin ka danne da auduga. Shi ne mataki na ƙarshe kuma shi yaron yake ta ɗoki tun ranar farko, da'irar nan mai ja da fari da shuɗi ta sojan saman Ingila, da haruffan gefe. Ya wanke hannu, ya kawo ruwan a murfin kwano, muka bi takardar bayani daidai yadda ta ce. Muna taɓa tambarin farko ya dagargaje kamar busasshen ganyen zogale a tafin hannu. Na ce to wataƙila ruwan ne, muka canza, na biyu ma haka, ya rabu gida-gida yana yawo a kan ruwa. Na uku na lallaɓa na kai shi kan fuffuke a gutsure ina jera shi da tsinke, ya fito a karkace shuɗin ya hau kan jan. Yaron bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi, shiru kawai ya yi ya ce Kawu ni ne na ɓata ko? Na rantse masa ba shi ba ne amma na ga bai yarda ba, ya tashi ya ɗauki wayar uwarsa.

Da na ɗaga takardar tamburan a haske sai ga ta ta yi rawaya-rawaya da ƙananan tsaga ko'ina, alamar ta daɗe a ajiye cikin zafi ke nan, kuma shi ne dalilin bushewar fentin ma. Na tura wa mai sayarwar hotuna, ya ce ranka ya daɗe ai iskar hunturu ce, kayan Turawa ba sa son yanayinmu. Na ce Malam hunturun a cikin ledar da ba a buɗe ba ya shiga? Sai ya koma wai ba a taɓa kawo masa ƙorafi ba, daga baya ya ce zai duba sito ko akwai wata takardar, in sha Allah zai saka mini a mota. Tun daga nan saƙona yana shiga ana karantawa ba amsa.

Daga baya na gano masu wannan harka suna da dabara, in tambura sun tsufa sai a shafa musu siririn banish marar launi a bari ya bushe kafin a tsoma a ruwa, shi zai riƙe su. To amma wane mai koyo ne zai san wannan? Takardar bayanin ba ta faɗa ba. Nan ne nake ganin masu yin kayan nan da masu sayarwa ba su fahimci wanda suke sayar wa ba. Tsohon hannu in fenti ya bushe yana da wani a durowa, in tambari ya fashe yana da ragowar na wani jirgin. Yaro ko babba da ya fara yau ba shi da komai sai abin da ke cikin kwalin, kuma duk abin da ya lalace kansa zai ɗora wa laifin ya ce abin ba nasa ba ne. A nan kuma ba shagon da za ka shiga a Sabon Gari ko Kantin Kwari ka ce a ba ka tamburan jirgi na 1/72, sai dai ka sake yin oda ka jira.

Da zan sake, ga yaro ƙarami gara a fara da irin waɗanda ake danna guntayen su kama juna ba gam ba fenti, robar ta zo da launinta, Airfix suna da su da sunan Quickbuild, kamfanin Revell ma suna da nasu. Masu harkar suna raina su wai wasan yara ne, ni kuwa na ce ai yaran ake nema. In kuma irin wannan mai fentin za ka saya, sa mai sayarwa ya buɗe kwalin ya girgiza gwangwanayen a bidiyo ka ji motsin ruwa, ya haska maka takardar tambura ka gani kafin ka tura ko sisi.

Robar dai har yanzu ina yaba mata, haɗuwarta ta fi ƙarfin kuɗinta. Amma duk sanda na kalli fuffuken hagu da ba tambari sai raina ya sake ɓaci, don haka tauraro biyu na ba su, ɗayan ma albarkacin farfelar ce da take juyawa in ka hura. In akwai wanda yake wannan harka a Kano ko Kaduna kuma yana da ragowar da'irorin sojan saman Ingila na 1/72, don Allah ya yi mini magana, zan biya har kuɗin mota.