Hong Kong ko Guangzhou: Hawan Dutse da Abincin Kanton

'Yan'uwa masu zuwa sari kasar Sin sun sha tambayata: in an samu kwana biyu na hutu, ina ya fi, Hong Kong ko Guangzhou?

Wajen tattaki, Hong Kong ta burge ni. Daga unguwar Shau Kei Wan bas mai lamba 9 zai sauke ka a bakin hanyar Dragon's Back, kilomita 8 da rabi a kan tudu, teku na hannunka, ba ko sisin shiga. Amma ba inuwa sosai, ka riƙe ruwa. Dutsen Baiyun na Guangzhou kuwa, mita 382, akwai matakala da shaguna, kuɗin shiga kaɗan ne, har dattijo ma zai iya.

Abinci fa a yi hattara, girkin Kanton, wato na yankin Guangzhou da Hong Kong, ba ya rabo da naman alade. A unguwar Wan Chai ta Hong Kong, gidan abincin masallacin Ammar na dafa dim sum (ƙananan curin fulawa masu nama ko ganye a ciki) na halal, ana kawo shi da tururinsa cikin 'yan kwandunan gora. Guangzhou ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai halal ɗin unguwarta ta Xiaobei yawanci ba girkin Kanton ba ne.

Mai ƙarfin gwiwa da aljihu, da bizar Hong Kong ta daban, ya tsallaka. Ɗan kasuwa mai lissafin kwabo, Baiyun ta ishe shi.