Motar shata daga Agege zuwa jihar Osun, yadda muka kwashe da su

Masu tambayata wace mota muka ɗauka lokacin hutun yara, wani ƙaramin kamfani ne a nan Agege, Sienna suka ba mu da direba Bayarabe amma Hausa ras a bakinsa, wai a unguwar Sabo ta Ibadan ya tashi. Bayan asuba ya iso, kafin goslo ɗin Berger, mafitar Legas, ya kankama mun fice.

Gaskiya mutumin ya san hanya. A Ile-Ife ya shiga da mu jami'ar Obafemi Awolowo, wadda har 1987 sunanta jami'ar Ife, ya zagaya da mu Oduduwa Hall da hostel-hostel, ga bishiyoyi ga tsaunuka ta baya, babbar ƴata da ke shirin JAMB tun daga nan ta ce ita fa in ba Ife ba, ba ta so, to Allah ya ba da sa'a. Azahar a masallacin Sabo, bai jira mun roƙa ba ya tsaya. Sai ƙosan garin Osu da ya dage sai mun ci, da zafinsa cikin burodi, wallahi ya cancanci tsayawar.

Inda suka ɓata min rai, AC ta mutu kafin Osogbo, muka isa dajin Osun ɗin nan da UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2005 jiƙe da gumi, birai na ta tsalle yara na ihu ni kuwa fifita nake da kwali. Da muka dawo kuma ofis suka ce sai na ƙara kuɗin mai, alhali ba haka muka yi ba.

Direban zan sake nema. Kuɗi kuwa ku sa su rubuta muku komai a WhatsApp kafin ku biya ko sisi.